Askar Kawu Nicanor

Bogotá, 18 ga Agusta, 1986

Zuwa ga Kawu Nicanor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Etelvina. Yaya ƙafarta? Yaya zafin Mompox? Ku ɗan ɗura mini shi a ambulan, don garin nan da kuke kira firij bai ci sunan a banza ba. Lafiyata ƙalau, sai dai in na hau bene hawa biyu sai na tsaya ina haki kamar tsohuwa.

Bayan haka, Kawu, ina cikin damuwa, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Maestro, jagoran makaɗanmu, ya cika alkawarin da ya yi ranar da ya ji busata a Cartagena. Ya ba ni kujerar algaita ta farko, amma gwaji ne na wata uku. Ranar 14 ga Nuwamba za a yi babban wasa, akwai wurin da makaɗa tamanin za su yi ƙasa a bar ni ni kaɗai kusan minti biyu. Washegari masu busa za su jefa ƙuri'a, ko in zauna ko in tattara nawa in koma. Kuma kamar yadda ka sha gaya mini, mai wannan kujera shi ke busa sautin da ake kira La kafin a fara, kowa ya saita kayan kiɗansa a kan sautinsa. Yanzu ni ce. Doña Leonor, shugabar masu goge, za ta miƙe ta dube ni, duk wurin ya yi tsit, ana jirana.

To, harsuna goma sha biyun da ka kankare mini sun ƙi magana. Waɗanda a gida numfashi kaɗan ke tashe su, nan sai na yi ta matsa har jijiyar wuyana ta fito, sautin ya zo a tsuke, a sama da inda ya kamata. Na jiƙa su, na ɗumama su a hammata, a banza. Tsagin gora biyu ne kawai da zare, amma in babu su algaitar sanda ce.

Ga kuma Don Aurelio, mai kujera ta biyu, wanda shekara goma sha ɗaya yake jiran wadda nake kai. Kullum askarsa na kan cinyarsa, yana kankare nasa tsakanin kiɗa da kiɗa. Jiya ya leƙa jakata ya ce, "Ina askarki, 'yar bakin kogi?" Na ce na manta ta a masauki. Ya ce, "Mako biyu kina mantawa?"

Me zan ce masa? In ce shekara goma sha huɗu ina busa ban taɓa kankare harshe ko ɗaya ba, domin kawuna kullum cewa yake, ke dai busa, aska tawa ce? In suka sani, dariyar kaɗai ta isa ta kore ni.

Don Allah ka aiko mini da wasu, masu laushi, da gaggawa.

'Yarka,
Emilse

*

Mompox, 30 ga Agusta, 1986

Emilse, agwagwata,

Mun samu takardarki, mun gode Allah da kina lafiya. Mu ma lafiya. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi, bakinta ne dai ba ya sauƙi. Kogi ya fara cika.

Haba, mene ne na kuka tun ba a je ko'ina ba? Kin tuna ranar da na fara sa miki algaita a baki, kika busa agwagin tsakar gida suka amsa? Wadda ta faro daga can ba za ta ji tsoron wani Don Aurelio ba. Irinsu na sani, mutanen Bogotá na can kan dutse, ga kwat ga lema, busa kuma kamar ana jan kujera.

Ba harsunan ba ne, ke ce. Sanyi ya kama ƙirjinki, kuma na tabbata ba kya cin abinci, sai wannan romon dankalin nasu. Ki nemi kifi da rogo ki ci ki ƙoshi. Ki jiƙa harshe a ruwan ɗumi, ba na famfo ba.

Ga shida nan a gwangwanin taba, na naɗe su a auduga. Na ɗan jinkirta saboda gorar ba ta bushe da wuri ba. Kada ki bar kowa ya sa musu aska, ko da wasa. In sun ƙare ki rubuto, ina nan, ina za ni?

Innarki ta sa miki alewar lemun tsami. Kada ki ci kafin busa.

Kawunki,
Nicanor Polo

*

Bogotá, 15 ga Satumba, 1986

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni dai ban san ko lafiya nake ba.

Gwangwanin ya iso ranar Laraba, na rungume shi kamar jariri. Ranar Juma'a muka yi wasa, na zaɓi wanda ya fi kyau a cikin shidan. Zaure cike har bene na uku. Doña Leonor ta miƙe ta dube ni. Na busa, Kawu, babu abin da ya fito sai iska. Na ƙara matsawa, sai ya tsage da wani ƙara kamar an taka ɗan kwikwiyo. Wani daga can sama ya yi carar zakara, wurin ya fashe da dariya. Don Aurelio bai ko juyo ba, ya ɗaga algaitarsa ya ba da La, sumul, mutum tamanin suka saita a kansa ina zaune.

Ban san yadda na kai ƙarshen wasan ba. A bayan labule kowa ya shagala da goge kayansa, ba mai son haɗa ido da ni. Da zagina suka yi da ya fi mini. Maestro ya wuce yana cire safar hannu, ya kira ni da sunan mahaifina ya ce, "Arrieta, nan ba makaranta ba ce." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na ci kifin, na jiƙa su a ruwan ɗumin, na yi duk abin da ka ce. Ba ni ba ce! Na gwada shidan ɗaya bayan ɗaya, duk kanwar ja ce, sun ma fi na farko tauri. Na ɗaga su a haske, gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya sirara. Na rantse kamar ba hannunka ne ya kankare su ba. Me ya same ka? In ka gaji da yi mini ne ka faɗa, in san inda dare ya yi mini.

Ka aiko wasu, ka natsu ka yi su yadda ka saba. Saura wata biyu.

Emilse

*

Bogotá, 6 ga Oktoba, 1986

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Allah ya sa shirun nan lafiya ne.

Mako uku ke nan. Kullum da safe sai na tsaya a ƙofa ina jiran mai kawo wasiƙu, har matar gidan ta fara tambaya ko saurayi ne ya yaudare ni. Na aika waya sau biyu, ba amsa. Na je ofishin tarho, suka ce layin Mompox ya faɗa ruwa.

Na san na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini, zafin abin ne. Ka zage ni, ka ce ba ni da tarbiyya, amma ka yi magana.

Harshe ɗaya ya rage mini mai ɗan motsi, shi nake lallaɓawa. Don in sa shi ya yi sauti sai na cije, leɓena na ƙasa ya fashe, ina share jini da hankici kafin kowa ya gani. Shekaranjiya a wurin bita Maestro ya tsayar da kowa ya ce, "Don Aurelio, kai ma ka riƙa duba wurin nan na Nuwamba, saboda tsaro." A gabana. Don Aurelio ya ɗauki fensir ya yi alama a takardarsa.

Na shiga uku, Kawu. Ban iya komai ba a duniyar nan sai busa. In na dawo, me zan dawo in yi, in bi gawa zuwa maƙabarta da 'yan badujala? Kai ka ce mini an yi ni don abin da ya fi haka.

Ko guda biyu ne ka aiko. Ko ɗaya.

'Yarka mai neman gafara,
Emilse

*

Mompox, 16 ga Oktoba, 1986

Emilse 'yata,

Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, ni ba mai karatu ba ce irinku. Ina lafiya. Kawunki ne ba lafiya, kuma ya hana ni faɗa, amma na gaji.

Hannunsa na dama rawa yake tun kafin Ista. Ba ki lura ba ne da hagu yake shan kofi kafin ki tafi? Shidan nan da ya aiko miki, kwana tara ya yi a kansu. Ya yanke babban yatsansa sau biyu, ni na ɗaure. Sai ga takardarki, wai kamar ba hannunsa ba. Haba Emilse! Mutumin da ya ɗauko ki a kafaɗa daga jana'izar uwarki, kina shekara shida?

Tun ranar ya jefa askar a aljihun tebur. Ya ja kujera bakin kogi, ya zauna yana kallon ruwa. Na soya masa kifi, kuliya ce ta ci. Da takardarki ta ƙarshe ta zo, mai maganar jini a leɓe, ya karanta ya shiga ɗaki ya rufe, na ji tsoho yana kuka.

Jiya kuma sai ga shi da jaka, wai zai hau jirgin ruwa ya kama mota zuwa Bogotá. Likita ya riga ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki hawan dutsen nan ba, gawarsa za a sauko da ita. Na kwashe takalmansa duka na kai gidan maƙwabta. Yanzu haka yana yawo a tsakar gida ba takalmi yana kirana azzaluma.

Na ce masa in hannu ya ƙi, baki bai ƙi ba, ya faɗa in rubuta. Ya ce akwai abin da ba zai iya faɗa a gabana ba. Na ce to ya zauna ba takalmi har Kirsimeti.

Na kunna miki kyandir a coci. Ki ci abinci.

Innarki,
Etelvina

*

Mompox, 21 ga Oktoba, 1986

Emilse,

Ni ke magana, Innarki ke rubutawa. Ina gaishe ki. Jikina da sauƙi.

Kin ɗauka fushi nake don kin zagi aikina. Innarki ta ɗauka baƙin cikin hannuna ne. Duk ba haka ba ne. Kunya ce.

A 1958 na hau Bogotá neman irin kujerar da kike kai. Na tafi da harsuna goma da na kankare a nan bakin kogi, mafi kyau da na taɓa yi. Na tsaya gaban alƙalai, ko ɗaya bai yi magana ba. Da na fito wani tsoho mai sarewa ya ja ni gefe ya ce, iskar kan dutse ba ta da nauyi, ba ta da laima, ba ta iya kaɗa gorar da aka yi wa aikin ƙasa. Harshe, a inda za a busa shi, nan ake kankare shi. Na dawo gida na ce wa kowa sanyi ne ban iya ba.

Don haka na sani. Ranar da nake naɗe miki goma sha biyun nan a auduga, na san ba za su yi ba. Ko da hannuna lafiya lau yake, shidan ma ba za su yi ba.

Me ya sa ban faɗa ba? Me ya sa shekara goma sha huɗu ban sa miki aska a hannu ba? Na ce wa kaina ina kare yatsunki ne. Ƙarya ce. Busa kin wuce ni tun kina sha bakwai. Askar nan kaɗai ta rage da za ta sa ki juyo ki ce Kawu. Na ga in kin iya, kin tafi ke nan, ba wasiƙa ba labari. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, kuma sai na faɗa: wani ɓangare na zuciyata ya so dutsen ya koro ki yadda ya koro ni, ki dawo ɗakinki. Ban san har jini zai kai ba.

Ga askar nan, da dutsen wasa ta, da harsuna ashirin ɗaurarru da ba a taɓa ba. Innarki ta ɗaure su ina nuna mata. Ki zauna gaban taga da safe. Ki ɗaga harshen a haske, inda ya yi duhu a tsakiya kada ki taɓa sai dole. Ki kankare bakinsa da gefunansa. Ja uku, ki busa, ja uku, ki busa. Ki fi yadda kika ga ina yi cirewa, amma a hankali, don abin da kika cire ba ya komawa. Na farko za su lalace, kada ki tsaya kuka.

Ba na roƙon ki yafe.

Nicanor

Ni ce Innarki. Shekara talatin da aure, yau na fara jin wannan. Na mayar masa da takalmansa, amma yau sai dai ya dafa da kansa.

*

Bogotá, 17 ga Nuwamba, 1986

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka gaishe da Inna, ka ce ɗaurinta ya fi naka ƙarfi. Leɓena ya warke.

Saƙonka bai iso ba sai 4 ga wata, saboda ambaliya. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Na jefa askar ƙarƙashin gado, na yi kwana ɗaya cur ba na son jin sunanka ko a raina. Zakaran nan da aka yi mini, jinin, safiya ashirin da na tsaya jiran mai wasiƙu, ashe duk ka sani. Washegari na durƙusa na jawo ta, don saura kwana tara kuma ba ni da kowa sai ita.

Tara na farko na kashe su. Wani na huda, wani na cinye bakinsa. Na yanke yatsa a daidai inda Inna ta ce ka yanke naka.

Ranar Litinin na je wurin bita da wuri, na ɓuya a ɗakin ajiye kujeru inda akwai taga, ina kankarewa. Sai na ji an ce, "Ashe an tuna da askar." Don Aurelio ne, da kofinsa a hannu. Na ce shi ke nan, ta ƙare. Ya karɓi harshen ya ɗaga a haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yau kwana nawa da kika fara?" Na kasa ƙarya, na ce biyar. Ya ce, "Uwar Allah!" Ya nuna da farcensa ya ce, "Nan. Da nan. Kina tsoron gefen hagu." Na ce me ya sa yake taimakona. Ya ce, "Wa ya ce ke nake taimako? Wata uku ina zaune kusa da ke, kunnena ya gaji."

Bai sa musu aska ba ko sau ɗaya. Kullum da safe dai zai zo ya ɗaga a haske, ya yi tsaki, ya nuna. Na goma sha bakwai ne ya yi magana, ranar Alhamis, ana gobe wasa. Da na busa na ji ya buɗe ba tare da na cije ba, sai na zauna a ƙasa cikin kujeru.

Ranar Juma'a a bayan labule ruwan jiƙa harshen ya zube mini a siket. Masu goge na ta shafa wa bakansu ƙaro, mai tambari na kwance a benci ya rufe ido, wani na neman maɓallin rigarsa. Muka fita. Doña Leonor ta miƙe, ta dube ni, na ga ita ma tsoro take ji. Na ba da La. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta sa gogenta a wuya.

Minti biyun ban san yadda suka wuce ba. Ba su yi kyan da nake yi a gida da naka ba, gaskiya ke nan, a ƙarshe sautin ya ɗan yi rauni. Amma ya kai. Da na sauke algaitar sai na ji makaɗan na goga takalmansu a ƙasa a hankali, yadda suke yi wa nasu in ya yi abin kirki, don 'yan kallo kada su ji.

Washegari aka jefa ƙuri'a, bakwai nawa, huɗu suka ƙi. Na zauna. Don Aurelio ya same ni a matakala ya ce, "Ina cikin huɗun, gara ki ji daga bakina. Gobe ƙarfe takwas, ki zo da askar, ba ki iya wasa ta ba."

Ban yafe maka ba tukuna, Kawu. Ban san yaushe ba. Amma ka ce in na iya ba za ka ƙara ganin wasiƙata ba. To ga ta. Ka duba ta sama da ƙasa, ban roƙi komai ba.

A cikin audugar akwai na goma sha takwas. Ni na yi shi.

Emilse

*

Mompox, 30 ga Nuwamba, 1986

Emilse,

Muna lafiya. Kogi ya fara ja. Innarki ta karanta wa duk unguwa takardarki, ban da wurin da ya shafe ni.

Na jiƙa shi, na sa a tsohuwar algaitata, na busa. Agwagwa sak. Kuliya ta haye katanga. Haka ya kamata ya yi a nan ƙasa, wato a can daidai yake.

Amma har yanzu hagu ya fi dama kauri. Mutumin nan ya yi gaskiya. Ki kankare wani ki aiko in gani, in kin ga dama.

Da hannuna na rubuta wannan, kwana biyu ya ɗauke ni. Inda kika kasa karantawa, ki rubuto ki tambaya.

Kawunki